Mai Madarar da Ba Ta Shan Madara

Mai Madara ta tsufa a bakin kasuwa tana sayar da abin da cikinta ya ƙi. Kurɓi ɗaya ya isa ya kumbura mata ciki kamar ganga. 'Yarta, ma'aikaciyar asibiti, ta taɓa yi mata bayani cewa a kowace ƙwayar jikin mutum akwai umarnin da ya gada daga iyaye, ana ce masa DNA. Da shi jiki ke ƙera sinadarin da ke narkar da madara a hanji.

"Naki ya daina ƙerawa tun bayan yaye, Mama. Mutane da yawa haka suke."

Maƙwabciyarta, wadda ita ma madarar take sayarwa, ba ruwanta da hanji. Da masu saye sun taru sai ta ɗaga murya: "Jama'a, ku tambaye ta me ta zuba da ita kanta take gudu!"

Ciniki ya fara ja da baya. Ranar da mai shayin da ya fi kowa saye ya tsallake ta, sai ta cika kofi fal, ta shanye a tsaye, idonta cikin na maƙwabciyar.

"Kin gani, uwar gulma?"

"Na gani. Gobe ma a maimaita."

Mai shayi ya dawo. Ita kuwa tun daga ranar kullum sai ta sha a bainar jama'a, ta wuni tana zufa, tana tsine wa maƙwabciyarta ƙasa-ƙasa.