Robar Lemo a Tayar Keke

Tun da idon Baba ya tafi, kunnensa ne ke tsallakar da shi titi. Gidanmu a Toranke yana wannan hannun, masallaci yana wancan. Sai ya tsaya a bakin hanya ya karkata kai, in bai ji ƙugin mota ko babur ba, ya wuce abinsa. Bai taɓa yarda a riƙe masa sanda ba.

Da fetur ya yi tsada, samari suka koma keke mai caji. Abin ba ya tari, ba ya kuka, sai dai ka ji iska ta gifta ka. Wata La'asar autanmu ya shararo a kan nasa keken daga kasuwar Ajingi kamar an biyo shi, ya shafi gefen rigar Baba, sanda ta yi nata wuri. Baba bai faɗi ba, amma daga ranar ya daina fita. Ya koma yin salla a zaure shi kaɗai, yana jiyo karatun liman daga tsallake. Abin nan ya ƙona min rai.

Na yi wa auta faɗa har muryata ta dushe. Ya ce "To, Yaya," washegari ya manta. Sai na tuna wasan da yayyenmu maza ke yi da kekunansu muna yara. Na yanko robar lemo, na ɗaure ta a ƙarfen baya, bakinta yana taɓa wayoyin taya.

"Haba Yaya, ai sai a yi min dariya!"

"A yi maka. Ka cire ta, ni da kai ne."

An yi dariyar kuwa, har labari ya kai kunnen liman, ya ce duk mai irin keken ya saka. Daɗin abin, robar ba ta rufa asiri. A hankali taf-taf-taf take yi, kana murɗa wuta ta kama ihu, unguwa duk ta san kai ne. Kunya ta yi abin da faɗana ya kasa.

Wata Azahar na ga Baba ya laluba sandarsa. Na bi shi zuwa zaure. Ya tsaya a bakin hanya, ya karkata kai, can sai ga taf-taf tana tahowa da ɗan sauri.

"Kai auta," Baba ya ɗaga murya, "sassauta, zan wuce!"

Robar ta yi sanyi, ta yi shiru. Baba ya tsallaka, ba wanda ya taɓa masa sanda. Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba.