Kwalbar da Uju ta Kawo

Magadaliya tana sayar da dankalin Turawa a kasuwar Taminus. 'Yarta Loyis ta shekara tara tana fama da farfaɗiya, har magungunan asibiti sun daina yi mata aiki.

Likita ya ce a Turai an tace wani magani daga ganyen wiwi. "Amma kamfani guda ke da izinin yin sa, Mama, kuma bai iso nan ba."

Da maƙwabciyarta Uju ta ji, sai ta kawo mata baƙin man wiwi a kwalba marar suna. "Ai ganye ɗaya ne, Maman Loyis."

Tabar wiwi ce ta haukata ƙanen Magadaliya. Har yau kwalbar tana cikin akwatinta, ta kasa buɗewa, ta kuma kasa zubarwa.