Siron da Aka Zuba Mini a Fura

Ni dai tun da aka haife ni ban taɓa yin ƙiba ba. A lakwal ɗin Belbeji, makarantar da nake koyarwa, yara kan ce in iska ta taso a riƙe mushe, wato ni malaminsu. Ni ko a jikina, amma matata abin ya tsaya mata a rai. A wurinmu, in miji ya shekara da aure bai yi kumatu ba, tukunyar matarsa ake zagi. Ga shi Inna, mahaifiyata, ta aiko daga Tarka cewa tana nan tafe bayan girbi, kuma zuwanta na farko ke nan gidanmu.

Sai na ji furar da ake dama mini da safe ta ƙara zaƙi. Na ce madalla. Kafin wani lokaci na fara cin tuwo kamar wanda ya wuni a gona, in share kwano in leƙa tukunya. Wandona ya soma kama ni, matata kuwa sai murmushi take tana ƙara mini miya.

Barci ne ya ɓata lamarin. Ran nan na ba yara lissafi, na zauna in jira su gama, ban farka ba sai da aka tashi. Na tsorata ƙwarai, na ɗauka ciwo ne, na ja matata muka tafi asibiti.

Majo, babban nas ɗin wurin, ya auna ni bai ga komai ba. Ya ce, "Mushe, wane magani kake sha?" Na ce ko ɗaya. Sai matata ta sunkuyar da kai, ta zaro kwalba daga cikin mayafi. Siron ƙiba ne, maganin sha mai zaƙi da take zuba mini a fura, irin wanda masu talla ke yawo da shi ranar kasuwa.

Majo ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya yi mana bayani. Ya ce ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo da wani sinadari, serotonin, kuma cikin saƙonnin akwai mai cewa ka ƙoshi, cire hannu. Siron yana toshe ƙofar da saƙon ke shiga, sai mutum ya yi ta ci, ga kuma barci. Ya ce ta irin ƙofofin nan ƙwaƙwalwa ke ba da umarnin sakin hormon, sinadaran da ke bin jini suna daidaita jiki, don haka ba abin wasa ba ne. Ya karɓe kwalbar.

Na so in yi faɗa, amma a hanya matata ta ce, "Malam, to me zan ce wa Inna?" Tausayinta ya kama ni, na fasa faɗan.

Kafin Inna ta iso na koma yadda nake. Tana zama na kwashe labarin duka na faɗa mata, matata na durƙushe a gefe kamar ƙasa ta tsage ta shige. Inna ta dube ni sama da ƙasa, ta dube ta.

Ta ce, "Ke ƴar nan, ubansa na yi wa girki har gashina ya yi fari, man shanu babu irin wanda ban zuba ba, haka ya koma ga Allah kamar karan dawa. Ni ba ki isa ki fi ni ba. Ƙyale shi, ɗauko kwanon nan."

Suruka ba ta haɗa kwano da uwar miji a wurinmu. Amma Inna ta kamo hannunta ta tsoma a tuwon, ni kuma aka ce in ba su wuri.