Larabar da Yaya ta nema

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safiyar Asabar ɗin da ta wuce aka kira ni daga asibitin da kike aikin jinya. Na ɗauka aike za ki yi mini, kamar kullum. Wai kin tashi aiki, kin zauna a ɗakin canza kaya kina cire takalmi, daga nan ba ki sake miƙewa ba.

Yaya, ke ce babbarmu, kuma a wurinki na gane cewa hutu ma aiki ne. Duk shekara sai kin kai 'ya'yanki da nawa gidan wasan yara, shirin kuwa ya fi tafiyar tsawo. Ba a zuwa ƙarshen mako, tikiti ya yi tsada. Ba a sayen ruwa a can, a daskarar da gorunan ruwa a firji. Abinci a zuba a kula, yara su ƙoshi kafin a gitta ta gaban mai alewa. Na taɓa ce miki, "Yaya, wasa za mu ko yaƙi?" Kika ce, "Ke dai riƙe kular nan, 'yar boko." Ban taɓa ganin ki a kan lilo ba. Benci ne naki, kina gadin jakunkuna da takalma, kina ɗaga wa kowa hannu.

Bana Larabar makon gobe kika zaɓa, saboda ranar ake rangwame. Mai jinya ba ta samun Laraba a sama. Sai a wurin gaisuwa wata abokiyar aikinki ta gaya mini yadda kika same ta: kin riƙe wa wannan ma'aikaciya aikin Asabar, kin riƙe wa waccan na Lahadi, makonni kina tsaye. Tana kuka ta ce, "Larabar tana nan fa, ba wanda ya taɓa ta." Likitoci sun ce zuciya ce. Ban yi musu gardama ba, na gaji.

Jiya autarki ta same ni a kicin ina wanke kofunan baƙi, ta ce, "Anti, an fasa ke nan?" Mijinki ya ce a fasa, mutane za su ce ba mu yi jimami ba. Na ce masa mutanen nan ba wanda ya taɓa riƙe miki aikin yini ɗaya. Da ƙafafunki kika nemo wa yaran ranar nan, ba zan bari ta wuce suna zaune a falo suna kallon masu gaisuwa ba. Yau da safe na tarar ya ajiye mini makullin motarsa a kan tebur.

Allah Ya jiƙan ki, Yaya, Ya yafe miki, Ya haskaka kabarinki, Ya hutar da ke hutun da ba sai kin roƙi kowa ba. Ina yi wa mahaifiyarmu, da mijinki, da 'ya'yanki, da abokan aikinki ta'aziyya. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya raya abin da kika bari. Amin.