Makirufon Rabaran Bulus

Ba na jin zan taɓa mantawa da Lahadin da aiki ya kai ni wani ƙauye bayan Gidan Waya. Lokacin ina ƙaramin injiniya a ofishin kamfaninmu na wayar salula da ke Kafanchan. Ƙorafin mutanen garin shi ne, duk Lahadi da safe waya tana nuna sabis a cike, amma kira ba ya fita kuma ba ya shiga. Manoman citta suna rasa masu saye, mara lafiya ba ya samun ɗan acaba.

Bari in yi bayani don wanda ba ɗan aikinmu ba. Tsakanin waya da ƙarfen sabis hanya biyu ce: ta saukowa, inda ƙarfe ke yi wa waya magana, da ta hawa, inda waya ke amsawa. Ƙarfe da ƙarfi yake magana, waya kuwa raɗa take yi. Idan wani abu ya cika hanyar hawa da surutu, ƙarfe ba zai ji ko sallamar waya ba.

Mun canza kebul, mun canza eriya, duk a banza. Oga ya kira ni ya ce, "Yakubu, in Lahadin nan ta wuce ba ka gano ba, kada ka dawo mini da labari."

Ranar Lahadi da safe na ɗauki na'urar auna surutun da ke cikin iska, na yi ta bin inda ta nuna. Sai ga ni a ƙofar coci. Rabaran Bulus, dattijon da ke jagorantar ikilisiyar, ya hango rigar aikina ya ce, "Haleluya! Ga ɗan kamfani. Dama yau addu'a muke a kan netwok. Shigo, ɗana."

Ya ɗaga wani sabon makirufo mara igiya, ya ce, "Duk abin da ya ɗaure mana netwok, ya sake shi!" Allon na'urata ya yi ja wur. Ana cikin haka batirin makirufon ya mutu. Nan take wayar Mama Saratu, shugabar zumuntar mata, ta soma ƙara.

Jama'a suka ce, "Allah ya amsa! Netwok ya dawo!" Mata suka ɗauki guɗa. Aka sa wa makirufon sabon batir don a yi wa Allah godiya, kiran Mama ya katse.

Bayan sujada na ja Rabaran gefe. Na ce makirufon daga ƙasar waje aka kawo shi, kuma a kan hanyar da wayoyinmu ke bi yake magana.

Ya dube ni. "Ɗana, wato ni ne na ɗaure netwok ɗin?"

"Ba kai ba ne, Baba. Makirufo ne."

Ya yi dariya har da hawaye, ya koma wa tsohon makirufonsa mai igiya. Sabis ya daidaita, Oga ya saki fuska.

Bayan 'yan makonni Rabaran ya kira ni. "Ɗana, yanzu wayoyi ba su barin mutum ya yi wa'azi. In na kunna wancan makirufon a lokacin wa'azi kaɗai, akwai laifi?"

Na ce akwai, Baba. Ya yi ajiyar zuciya.

Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, ku riƙe wannan: na'ura za ta nuna muku inda surutu yake, amma a ƙarshen hanyar mutum za ku tarar, sau da yawa mai kyakkyawar niyya. Ku gaishe shi tukuna, ku ja shi gefe, sannan ku faɗa masa.