Yaya da ƙwayar da ba ta gaisawa da kowa

Ni na katse kiran. Na zo miƙa hannu in gaishe da 'yar wana ta cikin waya, gwiwar hannuna ta ture wayar daga kan teburin aiki, ta faɗa bokitin da Yaya ke wanke ƙarafa. Muka tsamo ta tana ɗiga. 

Yaya gyaran fanka yake yi tun ina yawo ba takalmi. A shagon nan 'yar tasa Auta ta girma, tana kwance abin da ya ɗaura don ta ga cikinsa. Karatu ya ɗauke ta zuwa wata ƙasa, inda take aiki a wani tsohon ramin haƙar ma'adinai, can ƙarƙashin dutse. Waya ba ta shiga wurin. Sai ta fito sama take kira, shi ya sa Yaya yake wanke baƙin mai daga hannunsa tun safe, ko za a dace ta kira ya ɗauka.

Abin da ita da abokan aikinta suke nema a ramin wata 'yar ƙwaya ce, wai ita niyutirino. Iri uku aka sani, suna ratsa dutse da jikin mutum ba sallama. Ana zargin akwai ta huɗu, wadda ta fi su rashin zumunci: ba na'urar da ke jin wucewarta, sai dai a ƙirga sauran a ga sun yi giɓi. Yaya ya haddace wannan bayani. Ka kawo fanka, sai ka sha shi kafin a taɓa maka ita.

Da na kawo masa wayar matata aro, na tarar yana zaune ya zuba wa ƙofa ido.

"Ta ce in an gama gwajin za ta zo," in ji shi. "In sun gano ƙwayar, aiki ya ƙaru. In ba su gano ba, a sake sabon rami. Na rasa wacce addu'ar zan yi."

Na ga idonsa ya kawo ruwa, sai na ce bari in ba shi dariya.

"Yaya, ka ce ta tattara ta dawo. Wa ke ƙare ƙuruciyarsa a rami saboda abin da ba a taɓa gani ba?"

Ya karɓi wayar, ya goge fuskarta da gefen rigarsa.

"Kai da ake ganinka kullum, me aka ƙaru da shi?"