Yankan Baba Ne, Na Ce Masu

A lokacin da abin nan ya same ni, ni matar ma'aikacin likita ce, da goyona na fari a baya, Kirista haifaffiyar ƙasar Arewa wajen Dogon Dutsi, mai saurin baki da son ciyar da mutane. Zamanin soja ne, lokacin da in aka ce ma'aikaci ya tashi sai ya naɗe tabarmarsa kawai, ba ya tambayar dalili. Haka aka ɗauko maigidana aka ajiye shi Filinge, na biyo shi da tukwanena da keken ɗinkina. A unguwar da muka sauka babu Kirista ko ɗaya sai mu. Ranar Lahadi a zaurenmu muke yin sujada, mu da wasu ma'aikata 'yan kaɗan, a hankali, don soja ba sa son taro. Edita, na rubuto maka ne domin maganar ta ƙi barin raina. Ga furfura ta cika mini kai, amma har yau in na tuna sai haushin ya dawo mini sabo.

Katanga ɗaya ta raba mu da wani dattijo manomi, shi ne limamin ƙaramin masallacin unguwa. Baba nake ce masa, matarsa kuma Inna. Tun ranar da muka sauka Inna ta aiko mana da fura da ruwan sanyi, ta zo da kanta ta nuna mini rijiyar da ruwanta ya fi daɗi. Sun san mu Kirista ne, ba su taɓa ja da baya ba. In Layya ta zo, cinya guda ake kawo mana daga gidansu. Mu kuma in Nowel ta zo, wato sallarmu ta haihuwar Yesu Almasihu, mukan sayi rago a kasuwa, Baba ya shigo da wuƙarsa da sassafe ya yanka mana yadda addininsu ya ce. Haka iyayenmu suke yi tun can gida, domin maƙwabci Musulmi ya ci naman bikinka zuciyarsa ɗaya. In na gama dahuwa sai in ɗauki kwanoni da kaina in bi gida-gida, kowace ƙofa na yi sallama in ce, “Ga na Nowel, yankan Baba ne.” Da jin haka sai a karɓa a sa hannu, ba wanda ke ƙara tambaya.

Kada wani ya ɗauka ina ɓoye addinina. Haba, ni ɗin? Matan unguwa sukan cika mini tsakar gida in ina ɗinki, su yi ta tambaya, ni kuma in yi ta ba su amsa har zare ya ƙare ban sani ba. Washegarin Nowel musamman, in sun maido kwanoni, sukan zauna su ce in sake ba su labarin haihuwar nan. In faɗa masu yadda Maryamu ta rasa masauki, ta haihu inda ake ɗaure dabbobi, su kuma su faɗa mini yadda yake a wajensu. Mu yi gardama, mu yi dariya, wata ta ce ina da taurin kai kamar jakin mai ruwa. Da ƙyanda ta kama jikar Inna, ita da bakinta ta ce in sa yarinyar cikin addu'ata, kamar yadda ita ma take sa nawa cikin tata. Ban taɓa tura kowa ba, ban kuma taɓa jin kunyar sunan Yesu ba. Abin da na sani kawai, ana saurarona.

Ana nan, wata shekara dab da Nowel, dattawanmu na Yamai, babban birni, suka turo mana wani saurayi mai bishara, wai ya yi 'yan kwanaki ya ƙarfafa mu. Na ba shi ɗaki, na wanke masa tufafi, na dafa masa abin da ko maigidana ba kullum yake samu ba. Mama yake ce mini, ni kuma ina jin daɗi. Da ya ga ragon a ɗaure ya ji wanda zai yanka, sai ya murtuke fuska. Ya ce wannan tsoro ne muka sa masa sunan zumunci, wai muna nuna wa mutane hannun Kirista ƙazanta ne. Maigidana ya yi masa bayani cikin natsuwa, ya ce al'adar wuri ce, kuma mu ba mu rasa komai ba. Ni ban iya natsuwa irin tasa ba. Na ce masa ragona ne, maƙwabtana ne, shi kuma baƙo ne. Ya yi murmushi ya ce to, Mama. Na ɗauka magana ta ƙare.

Ranar Nowel da safe aka kira maigidana likita, wato asibiti, an kawo wata mai naƙuda daga ƙauye. Ni kuma na ɗauki hatsi na tafi wajen niƙa, na tarar da layi. Da na dawo sai na ga rago a rataye, an feɗe shi tsaf. Na tambayi baƙon ko Baba ya zo. Ya dube ni ido cikin ido ya ce eh, tsohon ya zo ya yanka, ya fita da gaggawa domin an yi masu rasuwa wajen Tondikandiya. Na leƙa ta katanga, Inna ta ce gaskiya ne, ƙanensa ya rasu, tun bayan sallar asuba ya fita neman mota, ai ta san ba zai wuce bai biya ta wajenmu ba. To me zan ƙara tambaya? Mai ɗauke da Littafi Mai Tsarki a hammata ne ya gaya mini. Na yi miya, na tuƙa tuwo, na soya nama, na ɗauki kwanoni na bi unguwa kamar kullum. Kowace ƙofa da bakina na ce yankan Baba ne. Suka ci, suka sa mini albarka.

Lahadi ita ce ranar kasuwar Filinge. Muna tashi daga sujada baƙon ya ce zai je ya ga gari. Ina cikin wanke-wanke sai ga wata maƙwabciya ta faɗo gidan ko sallama babu, tana haki. Ta ce baƙonmu yana can gaban rumfar mahauta, ya hau kan wani turmi yana wa'azi, yana gaya wa jama'a cewa naman da unguwarmu ta ci shi ya yanka da hannunsa, da sunan Yesu, ba wani limami da ya taɓa ragon. Wai yana tambayarsu wa ya mutu a cikinsu, wa cikinsa ya ɓaci, wai ga shi sun ci sun ƙoshi, katangar da ke tsakani ta faɗi. Ta tsaya tana kallona, ta ce, “Ke kuwa mi munka yi miki?” Edita, na watsar da wanke-wanken na fita da gudu. Kafin in kai kasuwa jandarma sun riga sun janye shi daga hannun mutane. Zamanin soja ba a wasa da hayaniya. Kafin la'asar an sa shi motar Yamai, an ce kada a sake ganinsa. Jakarsa ma daga baya maigidana ya aika masa. Shi ya tafi, mu aka bari da unguwa.

Washegari kwanonina suka dawo, amma ba wadda ta zauna. A bakin ƙofa ake ajiyewa a juya. Wannan ma da sauƙi. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne abin da ya faɗa kan Baba. Mutumin nan ya dawo daga zaman makokin ƙanensa, ya tarar ana cewa da saninsa aka yi, wai ya daɗe yana ba kafirai aron sunansa, wa ya san shekara nawa ana ciyar da mutane abin da ba shi ne ba. Masu jin haushinsa tun da can suka samu abin riƙewa. Wasu suka daina bin sa salla, suka koma wani masallaci. Na bi gida-gida ina rantsuwa ina kuka cewa Baba bai san komai ba, ni ma ban sani ba. Wata tsohuwa ta ce mini, ai bakin da ke rantsuwar nan shi ne ya ce masu yankan Baba ne. Gaskiya kuwa ta faɗa.

Na shiga wajen Baba na durƙusa. Yana zaune bisa buzu yana gyaran igiya. Bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba, kuma da ya yi da na fi samun sauƙi. Ya ce ya yarda ban sani ba. Ya ce maganar nama kuwa malamai suna da ta cewa, kuma wanda ya ci bisa rashin sani Allah ba ya kama shi. Sai ya ajiye igiyar ya ce, “Ɗiyata, ba naman ne ya dame ni ba. Da sunana kinka shiga gidajen mutane.” Ba a daɗe ba ya ce idonsa ya yi rauni, ya bar limanci ga wani. Idonsa lafiya lau, ni na sani, domin ina ganinsa yana zura zare cikin allura.

Maigidana ya je Yamai ya kai ƙara. Dattawa suka ce mu yi haƙuri, yaro ne, zafin bangaskiya ne ya kwashe shi, kuma mu yi murna tunda an tsananta mana saboda sunan Yesu. An tsananta wa wa? Wa ya tsananta mana? Mutanen da suka ci amanarmu ko waɗanda muka ci tasu? Layya ta zo, Inna ta aiko da cinya kamar kullum, na karɓa ina hawaye. Nowel ta zagayo, maigidana ya je ya roƙi Baba, Baba ya ce a yi masa afuwa, hannunsa ba ya riƙe wuƙa yanzu. Tun daga nan abin da na aika gidajen unguwa ɗanye kaɗai ake karɓa, hatsi ko gyaɗa ko sukari. Masu ɗinki suka dawo a hankali, amma su ba da awo su tafi. Ba wadda ta sake cewa in ba ta labarin Maryamu. Shekaru suka shuɗe a haka, Baba ya rasu bai sake cin abin da hannuna ya dafa ba.

Bayan soja sun sauka, siyasa ta shigo, kowa ya samu bakin magana, sai aka yi wani babban taron masu bi a Yamai, muka je. Ina zaune cikin mata sai aka kira babban baƙo. Baƙon nan namu ne. Ya yi ƙiba, ya zama fasto mai jama'a. Ya fara ba da shaida, wai yadda a ƙuruciyarsa ya je wani gari mai duhu a ƙasar Kurfai, wato Filingenmu, ya tarar da masu bi matsorata, ya yanka rago da sunan Yesu, aka kama shi saboda bishara. Jama'a suka ɗauki tafi suna Halleluya. Ban san lokacin da na miƙe ba. Matar da ke kusa da ni tana jan zanena, na fizge. Na ce, “Ragona ne. Ƙarya ka yi mini, ni kuma na ɗauki ƙaryarka bisa kaina na raba wa maƙwabtana. Tsohon da ka ɓata wa suna ya mutu.” Sai aka tada waƙa da ƙarfi, wasu mata suka riƙe ni suka fitar da ni, suna cewa ba a tona asirin bawan Allah a gaban taro. Asirin Baba fa, wa ya rufa masa? Faston bai neme ni ba, har yau.

Da na koma gida na gaya wa Inna abin da na yi. Ta tsufa sosai lokacin, ba ta fita. Ta ce da ma a kasuwar Filinge aka faɗi wannan magana, Baba yana da rai. Daga nan ta ce haƙoranta sun ƙare, in je in dama mata kunu. Na koma gida da gudu kamar yarinya. Ta sha, ta miƙo mini kwanon. Wannan kunun shi ne abin da na samu, bayan duk shekarun nan.

Abin da na koya ke nan, kuma ina faɗa wa 'yan'uwana masu bi da babbar murya, ko ransu zai ɓaci. Mutum ba ya sauraron maganarka a kan Allah sai in ya yarda da kwanon da ka miƙa masa. Wanda ya yi wa maƙwabci ƙarya don ya nuna masa gaskiya, ba bishara ya yi ba, cin amana ya yi, ko da wane suna ya kira. In an turo maku baƙo mai zafi, ku ba shi ɗaki, ku ba shi tuwo, amma kada ku bar shi shi kaɗai da abin da kuka yi shekaru kuna ginawa, domin shi mota zai shiga. Ku kuma dattawa masu tura yara garuruwa, ku riƙa tambayar waɗanda aka bari a baya kafin ku tafa wa mai ba da shaida. Ni ban bar Yesu ba, ban kuma bar Filinge ba. Har yanzu ina sayen rago kowace Nowel, mahaucin kasuwa ke zuwa ya yanka a ƙofar gida, a fili, kowa na gani. Wasu suna karɓa, wasu ba sa karɓa. Amma in na tsaya bakin ƙofa na yi sallama, ba ni da sunan da zan kira.